Tarin fukan da ke kama mahaifa

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan uwana mata kan tarin fukan da ba ya zuwa da tari. Ƙwayar cutar kan bi jini daga huhu ta toshe bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sai mace ta shekara da shekaru tana fama da ciwon mara da rashin haihuwa, dangi kuwa suna zargin kishiya ko iska. Maganin na wata 6 ne, kyauta a asibitocin gwamnati, amma idan aka makara tabon ba ya gogewa. Ina roƙon likitocinmu su riƙa bincikar cutar ga matan da haihuwa ta yi wa jinkiri.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya