Wasiƙar Sashen Kimiyya: Tsiron da Ɗalibai Za Su Nazarta a Wannan Zango

Iyaye da masu riƙon yara, assalamu alaikum.

A wannan zango ɗalibanmu za su nazarci café marron, wata ƙaramar bishiya mai fure wadda masana ke kira Ramosmania rodriguesi. Dangin kofi ce, kuma asalinta tsibirin Rodrigues ne kaɗai, a Tekun Indiya, kimanin kilomita 560 gabas da Morishos. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin tsirran da ke dab da ƙarewa.

Furenta fari ne fat, gindinsa kamar ƙaramin bututu. Amma ganyenta muka fi so yara su lura da shi. Tana ƙarama, ganyen dogo ne siriri mai dabbare-dabbare. Idan ta yi tsayi sai ya koma mai faɗi, kore shar, yana sheƙi. Masana na ganin kariya ce daga manyan kunkurun da suka cika tsibirin a dā, domin daidai inda bakin kunkuru ke kaiwa ganyen ya fi wuyar gani. Kunkurun sun ƙare wajen 1800, tsiron kuwa bai sauya halinsa ba.

Mazauninta daji ne, sai sara da noma da kiwon awaki da baƙin tsirrai suka cinye shi, har aka ɗauka ta ɓace. Wajen 1980 wani malami ya nuna wa ajinsa tsohon zanenta, wani ɗalibi ya gano guda ɗaya tak a bakin hanya. Da labari ya bazu, mutane suka riƙa yankar rassanta don magani, sai da aka kewaye ta da shinge.

A 1986 aka kai reshenta lambun Kew da ke Landan, ya kama, ya yi ta fure, amma babu iri. Nan darasin yake. Duk dashen da aka yi daga reshe kwafin uwar ne, ita kuma ba ta karɓar garin furen kanta, don haka ko dashe ɗari aka yi, tamkar bishiya ɗaya ce. Sai a 2003 bishiyar ta yi ɗa mai iri, bayan Carlos Magdalena, wani mai renon tsirrai a lambun, ya yi ta gwada barbara da hannu.

Aikin gida shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi tsiro ɗaya, ya zana ganyen ƙasa da na sama, ya auna tsawo da faɗinsu da rula a santimita, ya rubuta irin ƙasar wurin da yawan inuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsinke ganyen a kai ɗaki, ya yanƙwane, awon ya ɓaci. Muna roƙonku ku raka su, a yi zanen a gaban tsiron, a kawo littafin kafin hutun rabin zango.

Malaman Sashen Kimiyya