Takardar Koke Kan Tsofaffin Gine-ginen Bankuna na Titin Banki, Kano

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, mu 'yan kasuwa da magina da malaman tarihi mazauna Kano muna kawo kukanmu a kan tsofaffin gine-ginen bankuna na zamanin Turawa da suka rage a Titin Banki da kewayensa.

Sarki ya fi mu sanin cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo bayansa, sulalla suka ture kuɗin wuri a kasuwa, sai bankuna suka zo suka yi gini a wajen ganuwa. Daga cikinsu akwai Bank of British West Africa, wanda aka kafa a 1894, shi ne First Bank a yau, kuma a reshensa na Kano ake ba da labarin cewa Alhassan Dantata ya ajiye azurfa lodin raƙuma 20 a 1929.

Ranka ya daɗe, ginin wancan zamani ya san rana da zafin Kano. Bangonsa mai kauri ne, rufinsa na da tsawo, baranda tana kare tagogi daga hantsi, ɗakin ajiya kuma yana can ciki da ƙofar ƙarfe wadda mutum ɗaya ba ya iya turawa sai da nishi. Yau idan aka tashi gyara, sai a toshe barandar, a lulluɓe fuskar ginin da gilashi, a wayi gari ba a iya zama a ciki sai janareta yana aiki. Wanda aka rushe kuwa, ko hotonsa ba a bari.

Gidan Makama da ganuwar birni suna da kariyar doka, waɗannan kuwa suna hannun duk wanda ya mallake su. Saboda haka muna roƙon Sarki ya sa baki, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa su ƙidaya waɗanda suka rage, su auna su, su ɗauki hotunansu, a shigar da waɗanda suka cancanta cikin rajistar kayan tarihi. Muna kuma roƙon kada a ba da izinin rushe ko ɗaya kafin a kammala wannan aiki. Ba mu nemi a hana masu gine-ginen sana'arsu ba, a bar fuskar ginin da ɗakin ajiyar kawai yadda suke.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu ne talakawanka masu biyayya.