A fara da kunne kafin allo: koyar da karatun Hausa ga yaranmu na Sudan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da iyaye da malaman da ke ƙoƙarin koya wa yaran Hausawa karatun harshensu a nan Sudan, daga Mai Wurno da Sinnar zuwa Gadarif da Kasala. Al'ummar nan ta daɗe. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yiwo gabas, ga kuma mahajjata da suka yada zango ba su koma ba. Jikokinsu na yin Hausa a gida, amma karatunsu na khalwa, wato makarantar allo, da na makarantar gwamnati duk da Larabci ne. Saboda haka mutane da yawa ke ganin ajami shi ne hanya mafi sauƙi, tunda yaro ya riga ya san baƙaƙen. A ganinmu wannan kuskure ne in aka fara da shi kai tsaye, domin baƙaƙen ɗaya ne amma furucinsu ya bambanta.

A ajamin Hausa, ق shi ne ƙ, غ kuma shi ne g. Amma a Larabcin da ake yi a kasuwar Gadarif, ق ana furta shi g ne, haka ma a Makka da Jidda. To yaro ya ga an rubuta ƙona sai ya karanta gona, ya ga ƙasa ya ce gasa. In littafin da rubutun warash aka yi shi, kamar yadda aka saba a Kano da Sakkwato, abin ya ƙara rikicewa: can ق ɗigo ɗaya ne a sama, wanda yaron makarantar Sudan ya sani a matsayin ف, sai ƙara ta koma fara. Harafin ط shi ne ɗ a ajami, shi kuwa yaro ta mai kauri ya san shi, sai ɗaki ya zama taki. Harafin ث shi ne c a wurinmu, a nan kuwa s ake furta shi ko t. Yaron bai yi laifi ba, abin da aka koya masa ya karanta.

Don haka a ajiye allo tukuna, a fara da kunne. Minti goma a farkon kowane zama ya isa, sauti ɗaya a mako, da kalmomi biyu-biyu waɗanda wannan sautin ne ya raba su: kaya da ƙaya, doki da ɗoki, bari da ɓari, sara da tsara, shi da ci. Malami ya faɗi ɗaya, yara su nuna abin ko su sa kalmar a jimla. Wanda kunnensa bai raba biyun ba, bakinsa ba zai raba su ba, balle alƙalaminsa.

Sai furuci, kuma ƙ ce ta fi ba da wahala. Masana na kiran ta tunkuɗau, wato ba iskar huhu ke fitar da ita ba. Ana rufe maƙwallato, wato ƙofar iskar da ke cikin maƙogwaro, bayan harshe ya manne da hanɗa daidai inda ake yin k, maƙogwaro ya yi sama ya matse 'yar iskar da ke tsakani, sannan a saki. A ce wa yaro ya riƙe numfashi kamar mai shirin ɗaga buhun dawa, ya yi ta ƙoƙarin cewa k ba tare da ya saki numfashin ba. Abin da zai fito ƙ ce. Ya ɗora yatsa a zakaran wuya, zai ji yana hawa. Inda ake ɓata abin shi ne malami ya ce masa "kamar ƙaf ɗin Alƙur'ani". A'a. Waccan can baya take wajen beli, da iskar huhu ake yin ta, kuma tana kaurara wasalin da ke biye da ita. Ts ma tunkuɗau ce, da wannan dabarar ake samun ta, a fara da s maimakon k. In ba haka ba yaro zai musanya ta da ص, tsaya ta koma saya.

Ɓ da ɗ akasin haka suke, haɗiyau ne, maƙogwaro ƙasa yake yi. Yatsa a wuya dai shi ne ma'auni. Kada a bari yaro ya ja ɗ zuwa ض, domin ita ma za ta kaurara masa wasali, alhali a Hausa wasalin da ke cikin "da" shi ne cikin "ɗa", bai sauya ba. Wani abin lura kuma: yaron da ya ce hwara ko hwaɗi ba gyara yake bukata ba, karin kakanninsa ne na ƙasar Sakkwato. A dai nuna masa cewa a daidaitacciyar Hausa da f ake rubutawa.

Akwai fa inda Larabci ya yi wa yaranmu rana. Boko ba ya nuna tsawon wasali, gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Yaron khalwa kuwa ya san madda tun yana ƙarami, da an ce masa na tuwon yana da alif ya gane nan take. A yi amfani da wannan, a riƙa ninka wasalin a allo a watannin farko, gaari, kafin a sauke. Karin sauti, wato hawa da saukar murya, shi ne Larabci ba shi da shi sam, kuma ba boko ba ajami ba wanda ke nuna shi. Kuka na hawaye sama-sama ne, kuka ta miya sama-ƙasa. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, ta wahala ƙasa-sama. Malami ya yi kalmar da baki rufe, yana ɗaga hannu yana saukewa, yara su kwaikwaya. Yaran da ke jin Hausa kullum a gida yawanci suna da shi, tunatarwa kawai suke so. Waɗanda suka tashi a Khartoum cikin Larabci su ne sukan ɗora wa Hausa nauyin gaɓa irin na Larabci, su ne za a fi zama da su.

Bayan wannan sai a shiga rubutu, boko ko ajami, dukansu namu ne. In ajami ne, a gaya wa yaro tun ranar farko cewa waɗannan baƙaƙe huɗu suna da wani furuci a Hausa.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne a kula da ƙugiya. Littattafan Hausa ba su cika isowa nan ba, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 makarantu da dama sun daɗe a rufe. Abin da yaro ke gani a wayar mahaifinsa shi ne littafin karatunsa. Bakano in ya ga "baki" ya san ko baƙi ake nufi, yaron Kasala bai sani ba, yadda ya gani haka zai furta. A sa ɓ, ɗ, ƙ da 'y a kanun labarai da cikinsu, har da abin da kuke sakawa a Facebook.

Wassalam,
Wasu malaman harshe,
Gadarif, Sudan.