Daga mai kiwon ƙuda

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, har da tsiyar da ka yi mini cewa na ƙetare teku don in yi kiwon ƙuda. To, ban musa ba.

Ka san 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke yanyame ruɓaɓɓen mangwaro? Su ne Drosophila. A 'yan kwalabe muke ajiye su, abincinsu garin masara da yis da sukari. In ɗumin ɗakin ya tsaya a digiri 25, kwana 10 kacal ƙwai ya zama ƙuda mai fiffike.

Abin da ya sa muka liƙe musu shi ne hanjinsu. A hanjin mutum nau'in bakteriya, wato 'yan ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, ɗaruruwa ne, ba ka gane wa ya yi me. Na ƙuda kuwa ba su taka kara sun karya ba, yawanci dangin Lactobacillus ne da Acetobacter. Ga shi ana iya raba shi da su kakaf: a wanke ƙwai da ruwan bilic, tsutsa ta ƙyanƙyashe ba ko ƙwaya ɗaya a cikinta. Sai ka mayar mata da nau'i guda ka zuba ido.

A 2011 wani masanin kimiyya mai suna François Leulier da abokan aikinsa a nan Faransa suka yi hakan. In abinci ya wadata, tsutsa mai bakteriya da wadda aka wanke kusan tare suke girma. Da aka rage yis, wato furotin ya yi ƙaranci, sai wankakkiyar ta yi ta jan ƙafa, wadda aka bai wa Lactobacillus plantarum kuwa ta riga ta girma. A 2016 suka gwada a jariran ɓeraye masu cin abinci marar gina jiki, abin ya maimaitu, kodayake ba kowane iri na ƙwayar ba ne ya yi tasiri. Ranar da na karanta wannan, wallahi yaran da tamowa ta tsumburar a garinmu ne suka faɗo mini a rai. Amma don Allah kada ka je majalisa ka ce abokinka ya samo magani. Ƙuda daban, yaro daban, kuma bakteriya ba ta maye gurbin ƙwai da wake.

Aikin akwai cin rai. Watan jiya na buɗe kwalabena a gurguje, wata ƙwaya ta shige, wahalar sati uku ta bi ruwa. Laifina ne, ban ma iya cin abincin dare ba.

In ka samu mai tahowa, ka aiko mini da yaji da kuka, nawa sun ƙare tun kafin sanyi ya shigo. Ka gaishe da mutanen majalisa.

Naka,
amininka