A dawo da maganar zunubi cikin shirin Lahadi

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, ni mai sauraron shirin Kirista ne da kuke sakawa ran Lahadi, kuma ƙorafi ne ya kawo ni. Makonni ke nan masu wa'azin da kuke gayyata ba su da zance sai buɗi, ƙarin girma a wurin aiki da nasara kan maƙiya. Kalmar zunubi ta ɓace, kamar an ɗora mata haraji.

Mu 'yan Zamfara mun ga yadda guba ke shiga gida ba sallama. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Yargalma, maza na kawo duwatsun zinariya gida ana dakawa ana niƙawa, ba wanda ya san akwai dalma a ciki. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Da suka fara jijjiga aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, sai gwajin jini ya tona asiri. Yara sama da 400 suka rasu. Kada wani ya juya mini magana: yaran nan ba su yi laifin komai ba, Yesu ma ya ƙi irin wannan hukunci a kan makahon da ke Yohanna sura 9. Abin da nake nufi, gubar ta shigo ne cikin kayan da kowa ke murna da su.

Cin hanci haka yake zuwa, da kuɗin makarantar yara a hannunsa. Neman matar wani haka. Gabar da muke reno tsakanin dangi, har mu ci jibin Ubangiji ba ma gaisawa, ita ma haka. Romawa 6:23 ta ce sakamakon zunubi mutuwa ne. Amma ayar ba ta tsaya nan ba, ta ce kyautar Allah rai madawwami ce cikin Almasihu Yesu. Kyauta fa. Iyayen yaran nan, duk ƙaunarsu, ba su iya wanke jinin 'ya'yansu da ruwa da sabulu ba. Daga waje magani ya zo. Mu ma ba azuminmu ko zakkarmu ke biyan bashin ba, Yesu ya biya a kan gicciye, ya kuma tashi.

Wani abu kuma: likitoci sun nace sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gida an zuba sabuwa, don yaron da ya sha magani ya koma cikin ƙurar an yi aikin banza. Mai wa'azin da ke raba albarka bai ambaci tuba ba, cikin ƙurar yake mayar da mu.

Roƙona, Edita, ko sau ɗaya a wata ku nemo mana fasto da zai buɗe Romawa sura 3 zuwa 6 ya bi da mu aya aya, da Hausar da tsohuwata za ta gane.

Naku mai sauraro,
daga Gusau