Fitilar ɗakinmu ta fara jin magana

Assalamu alaikum mutumina,

Na sani, wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba, kada ka fara. Kai ma tun ranar suna ba ka neme ni ba. Ya karatu, ya sanyin Ingila? Yaya kuka ƙare da mai gidan hayar nan?

Albishirinka. Daren jiya ina kwance na ja yatsa a fuskar wayata, fitilar ɗaki ta dusashe har ta koma kamar aci-balbal. Sai da na yi kabbara da ƙarfi, maijego ta ce wallahi in yaron nan ya farka ni zan yi jijjiga.

Ita ce ma silar abin. Zaren fitilar LED da na jona da batirin sola mai volt 12 haskensa ya yi yawa, in ta kunna don shayarwa sai yaro ya wartsake, barci ya ƙare kenan. Shi ne na samo ɗan allon ESP32, 'yar ƙaramar kwamfutar nan ta sarrafa kayan lantarki, wanda WiFi da Bluetooth ke jikinsa tun daga kamfani, ba irin Arduino Uno da ya wahalar da mu a aji huɗu ba, sai an ɗaura masa HC-05 kafin ya samu Bluetooth.

Ka san abin da ya burge ni? Ashe ba rage ƙarfin wutar ake yi ba. Kunnawa da kashewa ake yi, sau 5,000 a daƙiƙa ɗaya, ido ba ya kamawa. Wayar tana aika lamba tsakanin 0 da 255. In 64 ta aika, kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin ne fitilar ke kunne. PWM ɗin nan dai da malaminmu mai jar hula ya yi ta zana mana a allo, kai kana gyangyaɗi har da miyau.

Amma fa na sha wuya. Ƙafar allon volt 3.3 kawai take bayarwa, ba ta iya jan zaren, dole a sa MOSFET a tsakani, wato ɗan makunnin lantarki da allon zai riƙa buɗewa da rufewa. Wani mai shago ya miƙo min IRF540, ya rantse duk ɗaya ne. Ya ɗau zafi har ya tsula min ƙuna a babban yatsa, saboda 3.3 ba ta buɗe shi sosai. Da na canja zuwa IRLZ44N sai lafiya lau. Daga nan na kwana biyu ina tsine wa manhajar da na haɗa a MIT App Inventor, ashe laifina ne, ban haɗa negatif ɗin batir da na allon ba. Kada ka gaya wa kowa.

Af, Kawu ya sayar da Vespa ɗin nan, ka san me hakan ke nufi. An ce bayan Sallah ne, kuma Goggo ta riga ta ji.

Sauran aiki guda. Daga 0 zuwa 30 hasken tsalle yake yi, daga 200 zuwa 255 kuwa da ƙyar ka ga bambanci, don ido ya fi lura da canji a cikin duhu. Sai na lanƙwasa lissafin, ƙananan lambobi su riƙa hawa a hankali. Kuma ƙanwar maijego ta zo da iPhone ta ce sai ta gwada, ya ƙi, don irin wannan Bluetooth ɗin ba ya shiga iPhone sai BLE, wato ɗaya nau'in mai ƙarancin cin wuta. Ta ce aikin banza na yi, a gidana, tana shan kununa.

In za ka taho a Disamba, sako min ESP32 guda biyu a jaka da ƙarfen dalma mai kyau, nawa bakinsa ya cinye. Kuɗin kuma ka cire a bashin da kake ta cewa ka manta.

Ga shi can ya fara kuka. Ka gaishe da mutanen naka.

Naka,
angon ƙarni