Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Bunƙasa Fasahar Zamani ta Ƙasa (NITDA), Malam Kashifu Inuwa Abdullahi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Zariya, a matsayina na ɗaya daga cikin ma'aikata, ɗalibai da 'yan kasuwar da ke kwana a nan amma suna neman abinci a Kaduna, waɗanda kullum suke cin tafiyar kusan kilomita 80 da safe, su sake cin ta da yamma. Tun daga Kwangila har tashar Kawo, da wuya ka ga fasinjan da wayarsa ba ta hannunsa. Zaurukan da muka buɗe a manhajojin sada zumunta su ne suka zame mana idon hanya: nan ake sanar da cewa tirela ta faɗi a Birnin Yero, ko cunkoso ya haɗu a Mararrabar Jos, ko kuɗin mota ya tashi, abin da ya zama ruwan dare tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Sai dai waɗanda suka ƙera waɗannan manhajoji ba su ƙera su da matafiyi irinmu a zuciya ba, kuma babbar illar tana ga saƙon murya. Idan aka tura shi daga zaure zuwa zaure, lokacin da aka turo shi kaɗai mai sauraro yake gani, ranar da aka naɗe shi da wurin da aka naɗe shi kuwa sun ɓace. Wata safiya muna dab da Jaji wani saƙo ya shigo, mai magana yana haki yana rantsuwa cewa an tare hanya a gaba. Direbanmu ya gangara gefe, wata baiwar Allah mai goyo ta fashe da kuka, muka share fiye da awa guda a tsaye, kafin wani fasinja ya tuna cewa ya taɓa jin wannan muryar watanni da suka wuce. Ban ga laifin direban ba, domin duk wanda ya san abin da hanyoyinmu suka gani ba zai yi wasa da irin wannan gargaɗi ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ranar da gargaɗin gaskiya zai zo, mutane su ɗauka tsohon zance ne.

Roƙona na farko, ranka ya daɗe, shi ne hukumarka ta yi amfani da ƙa'idojin da ta fitar a 2022, waɗanda suka wajabta wa manyan kamfanonin sada zumunta naɗa jami'in tuntuɓa tsakaninsu da gwamnati, ta nemi kowane saƙon murya ya riƙa tafiya da ranar da aka fara naɗarsa, ko sau nawa aka tura shi. Haka kuma a ba mai sanar da halin hanya damar ɗaure saƙonsa da wuri da wa'adi, ta yadda bayan awa biyu ko uku zai nuna cewa ya tsufa.

Akwai kuma batun nauyi. Sabis yana yankewa a wurare da dama tsakanin garuruwan biyu, kuɗin data ya ƙaru bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar kula da harkokin sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025, ga bidiyoyi suna buɗe kansu suna cinye ɗan abin da mutum ya saya. Matafiyi yana buƙatar tsari marar nauyi da zai fifita gajeren labarin hanya, da Hausa, a rubuce ko da murya, saboda direbobi da 'yan kamasho da yawa sun fi sakewa da magana.

Idan kamfanonin waje suka yi jinkiri, muna da masu iya aikin a gida. Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli suna yaye matasa masu ilimin kwamfuta kowace shekara, wasunsu ma wannan hanya suke bi, kuma dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta ɗora wa hukumarka alhakin kula da irinsu. Ina roƙon a fara gwaji a kan hanyar Zariya zuwa Kaduna, a zauna da shugabannin tashoshin mota da jami'an kiyaye haɗurra tun daga farko, a kuma tabbatar ba a bayyana inda fasinja yake ga kowa ba sai da yardarsa.

Allah ya taya ka riƙo, ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ma'aikaci daga Tudun Wadan Zariya